Daga Yamai zuwa Bahar Rum da karen jagora: yadda ake shirya tafiyar jirgin ruwa

Ranar da ƴar yayana ta bugo waya daga birnin Marsey na Faransa ta ce tana son ta biya wa babanta mako guda a jirgin ruwan yawon shaƙatawa, Inna ta ajiye carbinta ta ce, "To, shi kuma Duna wa za a bar wa?" Yaya ya ce, "Inna, ai ƙafata ƙafarsa." Duna baƙin kare ne irin Labrador, wata makarantar horar da karnukan makafi a Faransa ta ba Yaya shi bayan idanunsa sun tafi, yaran unguwar Yantala kuma suka raɗa masa wannan suna. Ni aka ɗora wa neman takardu, kuma abin da na koya a wahalce shi zan shimfiɗa a nan, ko wani mai karen jagora ko karen taimako ya huta da rabin zirga-zirgar da na yi.

Kada ka sayi tikiti tukuna. Takardun kare su ke yanke ranar tafiya, su ke zaɓen hanya. Jirgin kansa bai cika ba da wahala ba. Wahalar tana ga tashoshin da zai tsaya, domin kowace tasha iyakar ƙasa ce, kowace ƙasa da dokarta kan dabbar da ta fito daga inda ciwon haukan kare bai ƙare ba, Nijar kuma tana cikin waɗannan wurare.

Wane kare ake karɓa

Manyan kamfanoni irin su MSC, Costa da Royal Caribbean ba sa ɗaukar karen gida. Queen Mary 2 na kamfanin Cunard ne aka sani da ɗakunan ajiye karnuka, shi ma a hanyar Ingila zuwa Amurka. Wanda ake bari ya shiga ɗaki da gidan abinci tare da mai shi, kare ne da aka horar ya yi wani aiki takamaimai saboda larura: ya ja makaho, ya faɗakar da kurma, ya ɗauko wa mai keken guragu abin da ya faɗi. Karen da ake riƙewa don ɗebe kewa kawai ba ya cikin lissafi. Takardar da ta fi nauyi ita ce shaidar makarantar da ke cikin ɗaya daga ƙungiyoyin duniya biyu, IGDF ta karnukan makafi ko ADI ta karnukan taimako. In karenka a nan gida aka horar da shi, rubuta wa kamfanin tun farko ka faɗi gaskiyar aikin da yake yi, ka haɗa da takardar likitanka, ka jira amsa a rubuce. Amsar baki ta wayar tarho ba ta tsallakar da kowa ƙofar jirgi.

Lissafin watanni

Ga wanda zai shiga Tarayyar Turai daga Nijar, tsarin a jere yake, ba a tsallake ɗaya, ba a sauya musu wuri.

Da fari a sa wa kare fis, wato ɗan ƙwayar lantarki kamar ƙwayar shinkafa da ake cusawa ƙarƙashin fata, mai ɗauke da jerin lambobi 15. Sai allurar haukan kare, a ranar ko bayanta, kuma karen ya kai mako 12 da haihuwa. Allurar da aka yi kafin fis, a idon ma'aikacin iyaka kamar ba a yi ta ba. Bayan allura a ƙirga aƙalla kwana 30, sannan likitan dabbobi ya ɗebi jini, ya tace ruwansa, a aika shi cikin sanyi zuwa ɗakin gwajin da Tarayyar Turai ta amince da shi. Jerin sunayensu yana shafinta na intanet, na birnin Nansi a Faransa shi ne uban tafiyarsu. Ana son sakamako ya kai 0.5 ko ya wuce. In ya kai, sai a jira wata uku daga ranar da aka ɗebi jinin, ba daga ranar da sakamako ya fito ba. Ka ga ko komai ya tafi daidai, wata huɗu sun tafi. Ni dai shawarata ka ba kanka wata shida ko bakwai, saboda jini yakan lalace a hanya da zafin Afrilu, wani karen kuma sai an sake masa allura kafin ya kai maki.

Akwai sauƙi ga karen da ya zo daga Turai. In an yi masa gwajin jinin can kafin ya fito, aka rubuta a fasfonsa, ba ya jiran wata uku, kuma gwajin ba ya tsufa muddin ana sabunta allura kafin wa'adin ta baya ya cika. A nan muka faɗi. Wa'adin allurar Duna ya cika muna Tawa wurin zaman makoki, da muka dawo Yamai mako uku sun wuce. Na ce wa likitan, "Likita, mako uku fa kawai, ba a yi mana alfarma?" Ya juya karnen, wato littafin allurar Duna, ya nuna mini kwanan wata da bakin biro, ya ce, "Malam, ni zan iya yi maka alfarma, wanda ke filin jirgin can bai san ni ba." Haka muka koma farko: allura, kwana 30, jini, wata uku. Tafiyar da aka so a yi da bazara sai bayan damina aka yi ta.

Wani abin da mutane ba su sani ba: likitan da Tarayyar Turai ta ba izini ne kaɗai ke rubuta allurar hauka a cikin fasfon dabba na Turai. In a Yamai aka sabunta, a rubuta ta a karnen gida, tafiya kuma sai da takardar lafiya irin wadda Turai ta tsara wa ƙasashen waje. Likitan gwamnati na ma'aikatar kiwo ne ke sa mata hannu da hatimi, kuma kwana 10 kawai take da su daga ranar sa hannu zuwa ranar da za a duba ta a iyaka. Bayan an duba an buga hatimi, tana aiki har wasu watanni a cikin ƙasashen Tarayyar, in allurar ba ta riga ta ƙare ba. Je ofishin tun wata guda kafin lokaci ka san wanda ke sa hannu da ranakun da yake zama, ka buga fom ɗin da kanka ka kai. Ka sa a karanta fis ɗin a gabanka, ka bi lambar ɗaya bayan ɗaya a kowace takarda. Lamba guda in ta kuskure, hukuma tana da ikon mayar da kare inda ya fito, ko ta killace shi da kuɗinka, ko a ƙarshe ta kashe shi.

Zaɓen hanya

Mu da ba mu da teku, dole sai jirgin sama ya kai mu bakin ruwa. Mafi kusa da hankali shi ne zagayen yammacin Bahar Rum na kwana bakwai, wanda yakan bi Marsey, Jenowa, tashar da ke kusa da Roma, wani gari a Sisiliya, Malta da Barsalona. Duk cikin Tarayyar Turai suke, takarda ɗaya ta wadatar, sai dai Malta tana da ƙarin sharaɗi: a ba kare maganin tsutsar ciki mai sinadarin firazikwantel a hannun likita, tsakanin awa 24 da awa 120 kafin isowa, a rubuta rana da awa. Ireland, Finland da Norway ma haka suke, Ingila ma. Ɗauki jadawalin jirgin ka ƙirga da yatsa. In za a iso Malta a rana ta huɗu, maganin da aka ba da a Marsey ranar tashi ya shiga cikin wa'adi. In a rana ta shida ce, sai ka nemi likita a wata tasha ta tsakiya, ka kama randebu tun kana gida.

Jirgin da zai ratsa Tunis, Kasabalanka ko wata tashar Turkiyya, ka yi masa kallo biyu. Da zarar kare ya taka ƙasa can ya fita daga Tarayyar, komawarsa kuma sabuwar shiga ce. Tambayi kamfanin a rubuce abin da ake nema a kowace tasha, har wadda ba ka da niyyar sauka, don wasu hukumomi suna duba takardun dabbar da ke cikin jirgi ko ba ta leƙo waje ba.

Jiragen da ke tashi daga Mayami kuwa, ban ba ɗan Nijar shawarar farawa da su ba. Tun 1 ga Agustan 2024 Amurka ta tsananta: kare ya kai wata shida, da fis, da fom na hukumarsu ta yaƙi da cututtuka, CDC, wanda kuma aka yi wa allura a ƙasar da suke ɗauka mai haɗari sai an kama masa wuri a cibiyar duba dabbobi da suka yarda da ita, in babu gwajin jini a killace shi kwana 28.

Kada takardun kare su mantar da kai naka. Bizar Shengen Yuro 90 ce, wajen sefa 59,000, da asirans ɗin da ke ɗaukar aƙalla Yuro 30,000, kuma wannan asirans bai san da kare ba. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, saboda haka binciki inda za ka ajiye dosiye kafin ka tsayar da tashar da za ka hau.

Sanar da kamfani

Yanzu ne za ka sayi tikiti. Dokar Turai kan haƙƙin fasinjan jirgin ruwa ta ce a sanar da buƙatar taimako awa 48 kafin tafiya, amma kada ka rataya a kan wannan. Kamfanoni suna da sashen masu larura da fom ɗinsu, yawanci suna son labari wata guda ko fiye kafin tashi. Cika shi ranar da ka biya kuɗi. Nemi abu uku: amincewa a rubuce, bayanin inda za a ajiye akwatin bayan gidan kare da abin da za a zuba a ciki, da ɗaki kusa da wurin. Jirgin nan unguwa ce guda mai hawa goma sha wani abu, tsawonsa ya haura mita 300. Mutumin da zai fito da asuba da kare mai jin fitsari ba ya son ya ratsa shi daga kai zuwa gindi.

Jirgin sama ma nasa fom daban. Daga filin jirgin Diori Hamani za ka bi ta Kasabalanka ko Istambul ko wani wuri, kowane kamfani da sharaɗinsa. Karen jagora yakan kwanta a ƙafafun mai shi a cikin jirgi, wasu suna so ka riƙe takunkumi a jaka. In tafiyar ta haɗa kamfani biyu, kowanne sai ya ba da tasa amincewar. Zaɓi zangon da bai da tsawo, ka rage masa abinci kafin tashi, ruwa kaɗan-kaɗan. Da kun sauka Turai ka nufi duwan, wato kwastan, da kanka ka ce kana da dabba, a karanta fis a buga hatimi. Wannan hatimin ne za a nema a bakin jirgin ruwa.

Horon akwati

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a nan karin maganar ya fi zama daidai. A jirgi babu ƙasa, babu gindin bedi. Abin da ake ba kare akwati ne mara zurfi, na Royal Caribbean wajen mita 1 da santimita 20 kowane gefe, cike da ɓawon itace ko makamancinsa, a wani lungu da iska ke kaɗawa, ƙasan kuma yana rawa da ƙugin inji. Kare mai tarbiyya ya san ba a yin fitsari a cikin gida, shi kuma a ganinsa jirgin duka gida ne. Sai ya riƙe, har ya cutu.

Na je kasuwar Katako na sa kafinta ya buga mini irinsa, na cika buhu biyu da dusar katako. Muka ajiye shi kan siminti a bayan gida. Kwana biyun farko Duna ya shinshina, ya ɗaga kai ya dubi Yaya kamar an zage shi. Dabarar da ta yi aiki: muka dangwali fitsarinsa da tsumma muka binne cikin dusar, Yaya ya riƙa kai shi da igiya a lokutan da ya saba, yana faɗin kalmar da makaranta ta koya masa, in ya yi a yaba masa a ba shi ɗan abin taunawa. Bayan mako biyu muka fara jan akwatin zuwa wurare daban, yau zaure, gobe saman bene. Duk da haka a jirgi sai da ya kwana bai yi ba. Washegari da sassafe, babu kowa sai wani ma'aikaci mai wankin daɓe, ya zagaya akwatin sau uku ya shiga. Na ji Yaya ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi," kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. In kare ya wuce yini da kwana bai yi ba, ko yana yunƙuri ba ya fita, a tashar farko ka kai shi wurin likita. A jirgi akwai likitan mutane, na dabbobi babu.

Sauran horon bai kai wannan wuya ba. Mun sa shi a kwalekwale a bakin kogin Isa, kusa da gadar Kennedy, don ya san ƙasa mai motsi. Mun nemi bene mai matakalar ƙarfe da lif muka yi ta hawa da sauka, saboda gadar shiga jirgi ƙarfe ce mai ƙara, wani lokaci a tsaye.

Kaya

Abinci ne tarkon. An hana shiga Turai da nama da madara a kayan fasinja, abincin dabba ma sai na larurar lafiya, shi ma kilo 2. Kilishin tsaraba ka bar shi gida. Ka binciki irin abincin kare na buhu da ake samu a Yamai kuma ake samu can, ka saba masa da shi tun makonni kafin tafiya, in kun isa ka sayi na kwanakin jirgi da ƙarin kwana uku a buhun da ba a buɗe ba. Jirgi ba ya ciyar da kare. Sauya abinci a tsakiyar teku kuwa gudawa ce, a ɗakin da bai fi shago ba.

Ka haɗa da kwanonsa biyu, shimfiɗar da ya saba da warinta, ledojin kwashe kashi, rigar ceto daidai ƙirjinsa, da takalman kare saboda daɓen jirgi da duwatsun tasha suna ƙuna da rana. Ka tambayi likita maganin amai na tafiya, akwai mai sinadarin marofitan, ka gwada shi a gida tukuna. Kada ka ba shi maganin mutane. Gaɓar Bahar Rum tana da wani ɗan ƙuda mai cizo da dare da ke sa wa karnuka cutar leshmaniya, don haka a ɗaura masa abin wuya mai kore shi kwanaki kafin tashi. Takardu kuma na asali a jakar hannu, kofi biyu a wata jaka, hoto a waya.

A cikin jirgi

Ku iso tasha da wuri ku nemi layin masu larura. Kafin jirgi ya tashi ana atisayen ceto, dole ne ga kowa, alamarsa gajeren busa bakwai da dogo ɗaya, mai ratsa ƙashi. Sa hannu a wuyan karen lokacin, ka kuma tabbatar an rubuta cewa a ɗakinku akwai mai buƙatar taimako da kare. Daga nan ku wuce wurin akwati, kafin abinci, kafin komai. Yaya ya bi hanyar sau huɗu a ranar farko, daga ɗaki zuwa lif zuwa akwati zuwa gidan abinci, a rana ta biyu Duna ne ke kai mu, ni mai ido ina bin su a baya ina karanta lambobin ƙofa.

Dokokin kaɗan ne: igiya ko ɗamara a wuya duk inda jama'a suke, ba ya shiga wurin wanka, ba ya hawa kujera, ba a ba shi abinci daga tebur, kuma yawancin kamfanoni ba su yarda a kulle shi a ɗaki shi kaɗai ba, ma'aikata ba za su riƙe maka shi ba. Wato in akwai tashar da kare ba zai sauka ba, wani daga cikinku zai zauna tare da shi. Tashoshin da jirgi ke tsayawa nesa a kwashi mutane da ƙaramin jirgi, irin Kan a Faransa ko Santorini a Girka, in teku ta tashi ku haƙura da su.

Abin dariya, a Yamai fama muke da yara masu gudu ko masu jifa, a jirgi kuma fama da masu so. Kowace tsohuwa sai ta miƙo hannu. Kare in yana cikin ɗamarar aiki ba a taɓa shi, ba a kiran sunansa, domin hankalinsa in ya rabu, mai shi ne ke cin karo da ƙofar gilashi. Yaya ya gaji da bayani, sai muka rataya ɗan rubutu da Faransanci da Italiyanci a jikin ɗamarar.

Inna ta fi damuwa da salla a ɗaki ɗaya da kare. Malamin unguwarmu ya kwantar mata da hankali: a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, fitsarinsa da kashinsa ne najasa, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin da aka horar. Mu da ke da dangi a Tawa mun san yadda makiyayan Azawak ke ji da karnukansu na farauta. Muka ware masa kusurwarsa, darduma tana ninke a saman kabad. Alƙibla ce ma ta fi ba mu aiki, jirgi yana juyawa cikin dare.

Dawowa

Kafin ka bar Yamai, tambayi ma'aikatar kiwo abin da za su nema ranar dawowa, ka tambayi kamfanin jirgin sama ma, don ƙasar da za ka ratsa tana iya neman sabuwar takardar lafiya. Mun bar kwana biyu a Marsey bayan saukowa, likita ya duba Duna, ya cire masa kaska ɗaya a bayan kunne, ya rubuta takardar. Da muka iso gida na ɗauki alli na rubuta ranar allura ta gaba a bangon zaure, da mako biyu kafin wa'adi, na kuma sa ta a wayoyi uku. Akwatin Katako yana nan a bayan gida, Inna ta shuka albasa a ciki.